Sha Huɗu Ga Wata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bappa ya rasu muna cikin gida muna tafiya da sanɗa don kada mu dame shi. Wannan ne abin da har yau na kasa haɗiyewa, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya sa mun maimaita masa, sai ka ce in aka faɗa sau da yawa labarin zai canza.

Ranar sha huɗu ce ga wata. Duk wanda ya san gidanmu na Jimeta ya san dokar wannan rana. Da an idar da magariba babu daka, babu ƙwala wa yaro kira, akuya ma in ta cika kuka sai a ja ta bayan gida. Bappa zai shige ɗan ɗakinsa na zaure inda akwatin wayar iska yake, ya sa abin ji a kunne, ya ɗora hannun dama a kan ɗan ƙarfen nan da ake ƙwanƙwasa saƙo da shi. Ranar ma haka ya yi. Ni da kaina na kai masa kunu, na ga bayansa, kansa a ɗan sunkuye kamar kullum, na ajiye kwanon a bakin ƙofa na juyo a hankali. Inna, matarsa, ta leƙa ta dawo tana ɗora mana yatsa a baki. Sai da aka kira isha'i bai fito ba, mutumin da ladan kan tarar a masallaci, sannan Inna ta je ta dafa kafaɗarsa. Jikin har ya yi sanyi. Akwatin na kunne yana ta huci, kunun kuma ya yi fata a bakin ƙofa.

Goggo, yayarsa, da aka je cikin garin Yola aka gaya mata, cewa ta yi ƙarya ne. Ai da safiyar nan ya zo gaishe ta a kan kekensa, ya sha fura, har ya yi mata faɗa a kan goro. Ta ƙi yin kuka sai da ta zo ta yaye mayafin ta gani da idonta, sannan ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan da uwarsu ke kiransa da shi, wanda ni ban taɓa ji ba. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya sun zo a jere, suka tsaya a ƙofar ɗakin akwatin suna leƙe, ba wanda ya iya shiga. Manoman Damare sun tsallako kogi a kwalekwale, ga ruwa ya cika taf, wani har da rediyon da Bappa ya ce masa ya kawo ranar kasuwa a duba. Ya rasa inda zai ajiye ta, haka ya rungume ta har aka dawo daga maƙabarta. Kawu kuwa, taubashin Bappa, malamin makaranta mai bakin da ba ya mutuwa, yini guda ban ji muryarsa ba. Da yamma ne kawai ya dube ni ya ce, “To yanzu wa zan ƙaryata?”

Ni 'yar ƙaninsa ce. Ina rarrafe mahaifina ya rasu, a hannun Bappa na buɗe ido, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zaman makoki na ji wata mata tana tambayar ta kusa da ita, wai wanda ya mutun shi ne tsohon nan mai hira da farin wata? Wallahi sai da na ji kamar in watsa mata ruwan buta. Amma ba laifinta ba ne, abin da gari ya sani ke nan. Bappa bai taɓa hira da farin wata ba. Mutum yake jira, kuma ina so a san wane ne.

Tun Turawa ba su tafi ba Bappa yake buga waya a Jimeta. A teburin da ke kusa da nasa akwai wani mutumin Gabas, Kirista, ɗan gajere mai faɗin kafaɗa, gidansa na jikin namu. Mu yara Bappa Gajere muke ce masa. Hausarsa irin ta bakin kogi ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Matarsa “ya tafi kasuwa”, ni kuma “yarona”. Na sha gyara masa, in ce ni fa yarinya ce, ya ce to, yarona, na ji. Su biyun ne suka haɗa akwatin farko da hannunsu daga tarkacen da ofis ya zubar, suka nemi lasin, suka ja waya daga darbejiyar gidanmu zuwa gorar da suka kafa a gidansa. Wuni suna buga saƙon mutane, yamma ta yi su dawo su zauna buga nasu na banza da wasu irinsu a garuruwan da ba mu san sunansu ba. Inna takan ce ba ta taɓa ganin mahaucin da ke dawowa gida ya yanka akuya don nishaɗi ba sai su.

A nan gardamar wata ta samo asali. Zangon iskar da suka fi so a akwatin shi ne wanda suke kira mita tamanin, wanda da rana kurma ne, sai rana ta faɗi yake buɗewa. Bappa ya ce saƙo yakan hau sama ya bugi wani rufi da Allah ya shimfiɗa can, ya sauko a wani gari. To idan wata ya cika, yadda aka ce yana jan ruwan teku, haka yake jan rufin nan ya miƙe sumul, saƙo ya tafi nesa. Bappa Gajere ya ce sam, aikin rana ne, faɗuwarta ke buɗe hanya, wata ɗan kallo ne. “Wata ba ya aiki a gidan waya,” in ji shi, “ban taɓa ganin shi a layin albashi ba.” Shekara da shekaru suna wannan, a kan tabarma ɗaya, da kwanon gyaɗa ɗaya a tsakaninsu. Ban taɓa jin ɗaya ya matsa ko taƙi ba.

Bappa mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya da haƙora, kuma in ya kafe a kan magana gara ka je ka ture kuka. Amma akwai wata ɗabi'a tasa da mutanen garin nan ba za su manta ba. Idan wayar mutuwa ta shigo, ba ya ba masinja. Shi zai tashi aiki ya kai da kansa, ya tura keken da hannu in ya kusa gidan, ya yi sallama, ya nemi ruwa ya sha, ya tambayi lafiyar yara, sai ya ga mai gidan ya zauna sannan ya faɗa. Yakan ce mugun labari ba a kai shi a guje, ai ba inda za shi. Har ta kai in aka hango shi yana tura keke a unguwa mata kan fara salati, shi kuwa wata rana taya ce kawai ta yi faci.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice, aka shiga farautar mutanen Gabas a garuruwa. Bappa ya kwashe Bappa Gajere da matarsa da 'ya'yansa ya zuba su a ɗakin Inna, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar zaure ya zauna da carbinsa. Wasu samari sun zo, ya kira kowannensu da sunan ubansa ya tambaye shi me yake nema, suka juya. Da ya samu mai kwalekwalen da ya yarda da shi, ya raka su bakin kogi da asuba, za su bi ta Kamaru su zagaya gida. Ina cikin masu ɗaukar ƙunshin kaya, don haka da kunnena na ji. Ba su rungumi juna ba, ba halinsu ba ne. Bappa ya riƙe bakin kwalekwalen ya ce, “Kowane sha huɗu ga wata, bayan magariba, mita tamanin. Ina nan.” Bappa Gajere na fama da ƙaramin ɗansa da ke kuka a kafaɗa, ya ce, “Sha huɗu. Na ji.” Mai kwalekwale ya tura.

Daga nan dokar gidanmu ta fara. Da yaƙin basasa ya ɓarke hukuma ta hana irinsu Bappa aika saƙo, aka zo aka ɗauke ɓangaren da ke aikawa, aka bar masa na saurare. Bai fasa ba. Wata na cika zai shiga ya zauna ya kasa kunne. Ya gaya wa Inna cewa ya zaɓi ranar ne don mai gudun hijira ba ya tafiya da kalanda, amma ko a wane daji yake in ya ɗaga kai zai ga wata. Ga shi kuma, a faɗarsa, ranar ce hanya ta fi buɗewa.

A cikin yaƙin nan ne Hamma, babban ɗan Bappa, ya shiga soja. Kuma wayar rasuwarsa a kan teburin Bappa ta sauka. Abokan aikinsa sun ba mu labari a zaman makokin nan, ni da ban san dalla-dallarsa ba. Suka ce yana rubutawa harafi bayan harafi kamar kowane saƙo, sai suka ga alƙalamin ya tsaya, sannan ya ci gaba har ƙarshe, ya buga wa na can cewa saƙo ya iso. Ya ƙarasa aikin ranar. Mu dai abin da muka gani shi ne Bappa ya shigo layinmu yana tura keke. Ya yi sallama a gidansa kamar baƙo, ya ce Inna ta ba shi ruwa. Inna ta dube shi, ta dubi keken, kwanon ya faɗi daga hannunta. Bayan kwana kaɗan wata ya cika, muka ce yau kam ba zai shiga ɗakin nan ba, wanda yake jira ai daga ɓangaren da suka kashe masa ɗa yake. Ya idar da magariba ya shiga. Goggo ta yi masa tatas da Fulatanci, ya bari ta gama, ya ce mata Gajere bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba.

Yaƙi ya ƙare, aka mayar masa da kayansa da lasinsa, ya yi ritaya. Mutanen Gabas suka fara dawowa Jimeta ɗaya bayan ɗaya suna buɗe shagunansu. Duk wanda ya dawo sai Bappa ya je ya tambaye shi. Wani ya ce garin su Gajere an ƙone shi, wani ya ce ya ga mai kama da shi a wani sansani, wani ya ce Malam, ka yi haƙuri kawai. Yanzu ga damar kira ya samu, kowane sha huɗu sai ya yi ta ƙwanƙwasa sunan da suke kiran juna da shi a iska, ya tsaya, ya saurara, ya sake. Shiru.

Kawu ne ya gaji gardamar. Da yake taubashi ne, yana da lasisin faɗa masa abin da mu ba mu isa ba. Yakan zo ranar da ya san wata ya cika, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya ce wa watan, ranka ya daɗe, a taimaka a miƙe rufin, Malam zai yi waya. Ya ce shi a littafin da yake koyarwa rana aka ambata, ba a ce komai a kan wata ba. Bappa ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa sa abin ji a kunne ba, shi kuwa ya lura a farin wata ya fi jin tashoshi da yawa. Kawu ya ce to ai a farin wata mutane ba sa kwanciya da wuri, masu surutun ne suka yi yawa, ba hanyar ce ta faɗaɗa ba. Bappa ya ce kogin Benuwai ma ai cika take ta ragu. Kawu ya ce wannan ruwan sama ne, kada ya ɗora wa wata. Ni dai ban san mai gaskiya ba, kuma ban damu ba, ni dai a bar ni in daka barkonona.

Bara da damina, ranar wani sha huɗu, muna zaune shiru sai ga Bappa ya fito a guje, ba hula, ba takalmi, abin jin yana reto a wuyansa. Ban taɓa ganin tsakar kansa a waje ba sai ranar. Ya ce, “Yana da rai! Na ji hannunsa!” Ashe masu wannan aiki suna gane juna da bugu kamar yadda muke gane mutum da takunsa, kuma Gajere yana da wani jan bugun ƙarshe kamar mai ɗingishi. Ya ji yana kiransa, ya amsa, sai hadari ya taso daga gabas, ƙarar tsawa ta cika akwatin ta rufe komai. Ya koma ya zauna har aka yi isha'i, bai ƙara jin komai ba.

Washegari Kawu ya ce masa kunne yakan ji abin da zuciya ke so. Da wasa ya faɗa, amma Bappa bai ɗauke ta wasa ba. Ya janye hannunsa daga kwanon da suke ci, ya wanke, bai ƙara cin abinci da Kawu ba sai da salla ta zo Goggo ta zaunar da su ta zage su tas. Wata na gaba ya zo, shiru. Na bayansa, shiru. Bappa ya ce ranar da ya ji shi watan ya fito da wuri ne kuma garau kafin hadarin, sauran watannin akwai abin da ke tare hanya. Ya sayo gora mafi tsawo ya ɗaga wayar. Ya sare reshen darbejiya. Tsoho da furfura yana hawa tsani, Inna na ƙasa tana salati. Shekara guda yana wannan, har ranar da na kai masa kunu.

Ranar sadakar bakwai da hantsi ina rabon waina a zaure, sai ga wani tsoho a ƙofa, ramamme, da ƙullin doya a kai da ƙurar mota a jikinsa. Ya ga tabarmi da mutane, ya tsaya turus. Na ɗauka mai neman sadaka ne, har na miƙa masa waina. Ya ƙura mini ido ya ce, “Yarona, kai ne ka girma haka?”

Faranti ya suɓuce mini. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba, a gidan makoki, gaban maza. Bappa Gajere kuma ya dubi tabarmin, ya dubi Kawu da ya miƙe tsaye baki buɗe, ya dubi ƙofar ɗakin akwati da ke rufe. Ba wanda ya gaya masa. Ya sauke doyar a hankali ya zauna a kanta, ya ce yaushe. Kawu ya ce yau kwana bakwai.

Aka shigar da shi wurin Inna, tana takaba a bayan labule. Ya durƙusa daga waje ya yi mata gaisuwa, yana kuka kamar yaro. Ya ce matarsa ta rasu a yaƙin, da ƙaramin ɗan nan. Ya ce bayan an gama ya koma wani gari, da kyar ya haɗa ɗan akwati da batirin mota. Wani direba ya ba shi labarin Hamma, don haka da ya yi ta kira ba amsa sai ya ɗauka amsar ke nan, Malam ya rufe ƙofa, kuma bai ga laifinsa ba. Kunya ta hana shi rubutu. Bara ya ji Malam ya amsa sau ɗaya, daga nan shiru ya dawo. Shi ne ya ce bari ya zo da ƙafarsa, in korarsa za a yi a kore shi ido da ido.

Inna ta ce daga bayan labule, “Da ya riƙe ka da Hamma, da bai hana ni daka ba duk shekarun nan. Kai ne dai ba ka zo ba. Kowane sha huɗu yana zaune yana kiranka.”

Ya ɗago kai. Ya ce shi ma kowane sha huɗu yana zaune, Allah ne shaidarsa, tun da ya haɗa akwatin bai tsallake ko ɗaya ba. Ya fara lissafawa da yatsu: sha huɗu ga Janairu, sha huɗu ga Fabrairu, sha huɗu ga Maris.

Goggo, da ba ruwanta da watannin Bature, ta ce wane ne kuma Janairu.

Kawu ne ya fara ganewa. Na ga ya dafa bango, ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce la'ilaha illallahu. Bappa watan sama yake nufi, wanda ake gani da ido. Abokinsa kuma watan kalandar ofis ya ji, wanda suka yi rayuwarsu suna buga wa hatimi. Kalma ɗaya ce a bakinmu. Kowannensu ya cika alƙawari, kowannensu ya zauna bayan magariba a zango ɗaya yana kiran ɗan'uwansa, a ranaku daban. Kawu ya ce lissafin biyu sukan haɗu a rana ɗaya sau ɗaya a 'yan shekaru, kuma bara da damina sun haɗu. Abin da Bappa ya ji ke nan. Kunnensa bai yi masa ƙarya ba, kuma ba wata ne ya miƙe wani rufi ba. Kawu ya ci gardamarsa, ban kuwa taɓa ganin wanda ya ci gardama ya yi irin kukan da ya yi ba.

Bappa Gajere ya ce, shi da ya shekara nawa yana jin mutumin nan yana wata, wata, wata, yaya aka yi bai ɗaga kai ya duba sama ba ko sau ɗaya. Sai ya juyo gare ni.

“Yarona, ranar da ya mutu, nawa ga wata?”

Na ce sha huɗu.

“Na wa?”

Na ce namu.

Ya ƙirga a yatsunsa, bakinsa na motsi. Ya ce, “A namu uku ne. Ina kasuwa. Ina zaɓa masa doya.”

Doyar tana nan a zaure inda ya sauke ta, Inna ta hana a taɓa. Allah ya jiƙan Bappa, ya yafe masa kafiyarsa, ya haskaka kabarinsa fiye da watan da ya yi ta jira, ya sa alƙawarin da ya riƙe ya zame masa nauyi a mizani. Mu kuma da muka yi ta sanɗa a bayan gawarsa, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.